Bulo, Kwano da Bagade: Tarihin Ginin Cocin Katolika a Ƙasar Yauri

Duk wanda ya bi hanyar da ta taso daga Kwantagora ta nufi Yelwa, ko ya gangara wajen Wara da ƙauyukan Ngaski na bakin tafki, ya san irin ginin nan ko da bai taɓa tsayawa ya dube shi ba. Dogon ɗaki ne mai kusurwa huɗu, bangon bulo, rufin kwano mai gangara biyu, da gicciye a saman goshin ƙofa. A ciki akwai bencina layi biyu da hanya a tsakaninsu, bagade a kan dandamalin siminti mai hawa biyu ko uku, fankoki na reto daga ƙarafan rufi, da tagogin luba waɗanda sau da yawa gilashi ɗaya ko biyu ya fashe an toshe gurbin da kwali. Can sama kusa da rufi akan jera bulo mai huji domin iska. A ƙananan ƙauyuka ma ƙararrawar ba ta wuce tsohon ƙarfen ƙafar mota da aka rataye a reshen bishiya. Wannan shi ne cocin Katolika na zamani a ƙasar Yauri, kuma mutane da yawa, Musulmi da Kirista, suna ɗauka haka addinin ya ce a gina shi. Tarihi bai goyi bayan wannan zato ba. Siffar ginin ta fito ne daga shekarun 1960, lokacin da Roma ta sassauta ƙa'idojinta na gini, daidai lokacin da madatsar ruwa ta Kainji ta cika yankin da siminti, kuma idan aka auna tasirin biyun, na madatsar ya fi nauyi nesa ba kusa ba.

Cocin Katolika ya makara wajen isowa wannan yanki, kuma dalilin a fili yake. Bayan da Turawa suka ci Sakkwato a 1903, Gwamna Lugga ya yi wa sarakuna alkawarin ba za a taɓa addininsu ba, gwamnatin mulkin mallaka kuwa ta fassara alkawarin da taƙaita shigar 'yan mishan cikin masarautun Musulmi. Saboda haka limaman ƙungiyar SMA suka kafa tasharsu a Shendam a 1907, can ƙasar Filato, sauran majami'un Arewa kuma suka riƙa tsirowa a unguwannin Sabon Gari, suna bin layin dogo da akawuna da 'yan kasuwar da suka hauro daga Kudu. Yauri ba ta kan layin dogo. Hanyarta Kwara ce, wadda ta kawo 'yan'uwan nan biyu Richard da John Lander fadar Sarkin Yauri a 1830 suna cigiyar takardun Mungo Park, kuma a bakinta Sarki Abdullahi Abarshi ya mayar da gadon sarauta zuwa Yelwa a 1888. 'Yan mishan na UMS, waɗanda ba Katolika ba ne, su suka riga kowa zama a wannan shiyya, a wurare kamar Salka da Zuru da Tungan Magajiya. Sai a 1953 Roma ta yanki lardunan Sakkwato da Katsina daga Kaduna ta damƙa wa limaman ɗariƙar Dominikan daga Amurka, waɗanda shekara biyu kafin nan suka sauka a Yaba ta Ikko. Gusau ce ta zama cibiyarsu, daga nan suka buɗe tasha a Yelwa, inda sistocin Dominikan daga jihar Kansas suka kama aikin jinya. A 1964 yankin ya zama cikakken dayosis na Sakkwato, da Edward Lawton a matsayin bishop na farko. Masanin al'adu Frank Salamone, wanda ya yi bincike a masarautar Yauri a farkon shekarun 1970, ya rubuta sosai a kan hulɗar waɗannan limamai da Dukawa da sauran ƙabilun yankin.

Abin da limaman suka zo da shi a kansu shi ne cocin da suka taso a ciki a Amurka. Tsarinsa dogo ne kamar jirgi, bagade manne da bangon ƙarshe, fada yana juya wa jama'a baya yana karanta Mas da Latin, ga wani ɗan shinge da ya raba wurin bagade da wurin zaman jama'a, inda ake durƙusawa a karɓi jibi. Ginin an yi shi ne domin ido ya miƙe gaba zuwa wuri guda, ko kunne ya gane abin da ake faɗa ko bai gane ba. Amma a ƙauyuka ba a da kuɗin wannan. A can majami'ar farko ɗakin ƙasa ce da jinkar ciyawa, ko ma rumfa kawai, wadda mutanen ƙauyen kan yi gayya su tayar cikin 'yan kwanaki, katikis yana jagorantar addu'a ranar Lahadi, fada kuwa sai jefi-jefi yake zuwa. Masu rubuta tarihin coci sukan wuce waɗannan ɗakuna da sauri, kamar masauki ne na wucin gadi kafin a yi gini na gaske. A ganina su ne gine-ginen coci da suka fi dacewa da ƙasar da aka taɓa yi a yankin, domin wanda ya kwaɓa ƙasar shi ne mai ibada a ciki, kuma idan damina ta zaizaye bango ya san yadda zai yaɓe shi.

Daga 1962 zuwa 1965 bishop-bishop na duniya suka yi babban taronsu na biyu a Batikan, wanda Fafaroma Yohanna na 23 ya kira. Takarda ta farko da taron ya fitar, ranar 4 ga Disamba 1963, a kan tsarin ibada ce. Ta buɗe ƙofar yin ibada da harsunan jama'a, ta nemi kowa ya sa baki a cikin addu'a maimakon ya zama ɗan kallo, kuma ta bayyana ƙarara cewa Coci ba shi da wani salon zane ko gini guda da ya keɓe a matsayin nasa, kowace al'umma tana da damar kawo fasaharta. Umarnin da ya biyo baya a 1964 ya ce ya fi kyau a janye bagade daga bango domin fada ya iya fuskantar jama'a. Ga mai zanen gini wannan babban sauyi ne. Idan ana so kowa ya ji, ya gani, ya amsa, to dogon ɗakin da na baya ke hango fada kamar tsinke ya rasa hujjarsa, shi ya sa a Turai da Amurka aka shiga gina majami'u masu siffar mafici ko rabin da'ira, jama'a sun kewaye bagade. Abin lura shi ne, zama a da'ira ana fuskantar juna ba sabon abu ba ne a ƙasar Yauri. Haka ake zama a zaure, haka ake zama a gindin bishiya idan dattawa za su yanke magana, ɗakunan Kambari da Gungawa kuwa da ma zagayayyu ne. Ma'ana, Roma ta ba da izinin a koma ga abin da mutanen yankin suka riga suka iya.

Sai dai a daidai waɗannan shekaru wani malamin gini mai ƙarfin gaske ya sauka a bakin Kwara. A 1964 aka fara aikin madatsar Kainji, kamfanin Impregilo na Italiya ya yi ginin, aka gama a 1968, Janar Yakubu Gowon ya buɗe ta a farkon 1969. Ruwan da ya taru a bayanta ya yi tafki mai tsawon kimanin kilomita 135, ya kai har Yelwa, ya haɗiye tsohuwar Busa da tsibiran da Gungawa suke noman albasa a kansu tun kaka da kakanni. Mutum kusan 44,000 aka tayar. Da farko gwamnati ta so ta biya diyyar kuɗi kowa ya je ya gina nasa, da aka ga abin ba zai kammala kafin ruwa ya iso ba sai aka koma gina wa mutane gidaje. Aka ba wani Bature mai zanen gini, Robin Atkinson, aikin tsara sababbin ƙauyukan da garin Sabuwar Busa. Adalci ne a ce Atkinson bai raina mutanen ba. Ya duba yadda suke tsara gidajensu, ya yi ƙoƙarin riƙe fasalin tsakar gida da zaure da ɗakuna masu lanƙwasa, har aikin nasa ya yi suna a wajen masana gini na ƙasashen waje. Amma ya zuba wannan fasali a cikin bulon yashi da siminti, ya rufe shi da lanƙwasassun fale-falen asbesto. Daga nesa ƙauyen yana kama da na gargajiya. Daga ciki kuwa mazauna sun tarar da ɗakin da ke ɗaukar zafi da rana, ya yi sanyi ƙarara da hunturu, kuma idan rufi ya tsage babu mai iya gyara shi a ƙauyen, domin ba a yankan asbesto a fadama kamar yadda ake yankan ciyawa. Da yawa daga cikinsu suka gina ɗakunan ƙasa da rumbuna a gefen na gwamnati. Ƙurar asbesto ma tana lalata huhu.

Wannan aiki ya bar abu biyu a yankin. Na farko sana'a ce, domin dubban lebura da suka yi aiki a madatsar da ƙauyukan sun koyi kwaɓa siminti da buga bulo da ɗaura ƙarfe. Na biyu kuma, wanda ya fi zurfi, ra'ayi ne: gwamnati da kanta, da injiniyoyin Turai, sun nuna cewa ginin da ya cancanci a kira shi gini na siminti ne, ƙasa kuwa ta talaka ce da wanda bai waye ba. Duk wanda zai gina makaranta ko asibiti ko masallaci ko coci bayan 1968 a tsakanin Shanga da Ngaski, da wannan ma'auni za a auna shi.

A tsakiyar haka ne rikicin 1966 ya auku, mutanen Gabas suka bar Arewa, majami'un Katolika da dama na cikin garuruwa suka kusa zama kango. Limaman da suka rage suka ƙara mai da hankali ga mutanen karkara, Maguzawa a wajen Malumfashi, Dukawa da Kambari a wannan shiyya, Hausa kuma ta zama harshen da ya haɗa su a ibada. Jama'ar coci ta zama ta 'yan ƙasa fiye da da, amma ginin bai bi ta ba.

Abin da ya fito daga wannan haɗuwa shi ne ginin da muka bayyana a farko. An janye bagade daga bango kamar yadda Roma ta ce, an cire shinge, an shigo da ganga da kacau-kacau da waƙoƙin Hausa, amma ɗakin ya ci gaba da zama dogo, domin shi ne mafi sauƙin rufewa: ƙarfe iri ɗaya ake walda a jera, kuma idan jama'a ta ƙaru sai a fasa bangon baya a ƙara tsawo. Kuɗin da aka rage a wajen gini kuwa ana biyan sa duk ranar Lahadi. A watan Maris da Afrilu zafin Yelwa kan haura digiri 40. Kwano siriri ne, da rana ta buge shi sai ya ɗauki zafi nan take ya riƙa feso shi a kan masu zama, bulo mai inci shida ko tara kuma ba shi da kaurin da zai tare komai. Bangon ƙasa mai kauri aikinsa daban ne, yana shanye zafin rana a hankali, ba ya sakin sa ciki sai dare ya yi, lokacin da babu kowa a coci. Da damina kuma, idan ruwa ya sauko a kan kwanon da ba silin, ko fada ya ɗaga murya iya ƙarfinsa na benci na biyar ba zai ji huɗuba ba. Daga nan sai lasifika, sai fanka, sai janareta da kuɗin mai, a yankin da ke zaune a bakin madatsar da ke ba ƙasa wuta amma shi kansa bai cika ganin ta ba. Taron Batikan ya nemi kowa ya ji kuma ya amsa, rufin da aka zaɓa kuwa yana hana ji.

Da a ce babu wata hanya, da sai a yi shiru. Amma akwai, kuma misalanta ba su da nisa. A Wusasa ta Zariya cocin Saint Bartholomew na Angilikan yana tsaye tun 1929, maginan Hausa ne suka gina shi da ƙasa, da bakan gizo irin na soraye, kuma har yau ana ibada a cikinsa.  A cikin Katolika kansu, Fada Kevin Carroll na SMA ya buɗe wurin aiki a Oye-Ekiti a 1947 inda masassaƙan Yarbawa irin su Lamidi Fakeye suka riƙa yi wa coci ƙofofi da ginshiƙai da salonsu na gado, daga baya kuma ya wallafa littafi a kan gine-ginen Nijeriya a 1992, ciki har da na Hausawa. Misalin da ya fi kusa da Yauri ta fuskar dangantaka shi ne na Ibadan. Ɗariƙar Dominikan ɗin nan da ta buɗe Yelwa ita ce a farkon shekarun 1970 ta ba Demas Nwoko aikin gina mata ɗakin ibada a can. Nwoko bai karanta zanen gini ba, zane-zane ya karanta a kwalejin Zariya daga 1957 zuwa 1961, cikin matasan nan da suka dage sai an haɗa fasahar gida da ta zamani. Ya tara jama'a kewaye da bagade, ya sa haske ya sauko daga sama, ya kafa ginshiƙan katako sassaƙaƙƙu, ya bar wa iska hanyar shiga da fita ba tare da dogaro da wuta ba. A sauran ayyukansa ya shahara da bulon jar ƙasa da aka ɗan garwaya da siminti. A 2023 aka ba shi babbar lambar yabo ta masu zanen gini a baje kolin Benis na Italiya. To, ilimin yana cikin gidan, masu shi ne ba su kai shi ƙauyuka ba.

Mai musu zai ce ƙasa ba ta jure ruwan Yauri, kuma ba ta rufe babban ɗaki. Maganar tana da tushe. Azarar giginya ba ta wuce tsallaka kusan mita biyu ita kaɗai, sai an yi dabarar bakan gizo da ɗaurin guga kafin a rufe ɗakin da ya doshi mita takwas, cocin farish kuwa yana bukatar ɗaukar ɗaruruwan mutane. Giginyar ma ta yi ƙaranci, ga gara, ga yaɓen da ake sabuntawa kafin kowace damina. Amma batun ruwa bai da ƙarfin da ake ba shi, domin ruwan da ke sauka a Yelwa a shekara, kimanin milimita 1,000, bai fi na Zariya ba, kuma a Zariyar ce Babban Gwani Mika'ilu ya gina masallacin Juma'a a shekarun 1830, da ginshiƙai da bakuna da suka ɗauki jama'ar birni guda. Abin da ke kashe bangon ƙasa shi ne ruwan da ke kwanciya a gindinsa da wanda ke zuba masa daga sama, kuma harsashin dutse da rufi mai dogon baki suna maganin duka biyun. Batun faɗi kuma, ba wanda ya ce a jefar da ƙarfe. Ana iya ɗora rufin zamani a kan ginshiƙan kankare, a cike tsakaninsu da bango mai kauri na jar ƙasa, a ɗaga rufin sama sosai a bar masa kafar da zafi zai fita. Zaɓin bai taɓa tsayawa a kan jinka ko kwano kaɗai ba, masu gini ne suka taƙaita shi haka.

Akwai wani musu da ya fi wannan nauyi, kuma ba kasafai Bahaushe ke tuna shi ba. Soro mai zanko da bakan gizo ginin birni ne, ginin sarauta da malanta. Kiristocin ƙasar Yauri kuwa, ban da baƙi daga Kudu, yawancinsu daga ƙabilun da suka daɗe a gefen wannan sarauta suke. Marigayi Farfesa Mahdi Adamu, ɗan Ngaski, ya nuna a bincikensa yadda mulkin Hausawa ya zauna a kan ƙabilu masu yawa a Yauri, Salamone kuma ya rubuta a kan yadda Gungawa ke rikiɗa su zama Hausawa idan suka shiga harkar mulki da Musulunci. Ga Bakambare ko Badukke, coci mai siffar fadar sarki yana iya zama baƙon gini kamar yadda na Amurka yake, wataƙila ma ya fi sosa masa rai. Wannan gaskiya ce, kuma ta isa ta hana kowa cewa a kwafo Wusasa a dasa a Wara. Sai dai darasin Atkinson yana nan yana jiran mai irin wannan tunani ta kowace fuska. Shi ma siffa ya kwafa, zagayen ɗaki da lanƙwasar rufi, ya bar abin da ke sa ɗakin ya yi aiki, wato kayan da aka yi shi da su da hannun da ya san su. Abin da ya kamata coci ya ɗauka daga maginin gargajiya, Bahaushe ne ko Bakambare, shi ne sanin inda rana ke faɗowa da yamma domin a juya mata gajeren bango, da sanin amfanin inuwar baranda da bishiya, da kaurin bango, da ƙananan tagogi a inda ya dace. Wanda ya taɓa duba rumbun Kambari, yadda aka ɗaga shi a kan duwatsu don gudun laima da gara aka kifa masa jinka mai saukowa ƙasa, ya san mutanen ba su bukatar a koya musu kare ƙasa daga ruwa.

Musu na ƙarshe shi ne wanda kwamitin gini na kowane coci zai kawo, kuma dole a saurare shi da girmamawa. Za su ce bulo ya daɗe da zama na gida. A yau kowane gari yana da masu buga bulo da masu walda da kafintocin rufi, maginin ƙasa ƙwararre kuwa sai an tona. Za su ƙara da cewa su tsiraru ne a masarautar Musulmi, ginin da zai daɗe shi ne shaidar cewa suna nan kuma ba baƙi ba ne, wanda ya yi shekaru yana addu'a a rumfar da ke yoyo ba zai yarda ɗan birni ya zo yana yaba masa kyan ciyawa ba. Na yarda da rabin farko baki ɗaya: shekara sittin sun isa su mai da bulo ɗan gari, gayyar da ake yi da kwaɓa ƙasa ta koma gudummawar buhun siminti da bikin godiyar kaka, kuma wannan ma hannun jama'a ne. Amma daraja da dawwama ba su rataya a kan buhun siminti ba, kuma makwabta Musulmi sun riga sun bi wannan hanya sun ga ƙarshenta. A shekarun 1970 aka lulluɓe aikin Babban Gwani da sabon ginin kankare a Zariya, abin da masana gini ke juyayi har yanzu, masallatan unguwa kuma a ko'ina suka koma bulo da kwano da fanka, da zafi iri ɗaya da na coci. A ɗaya gefen kuma, a ƙauyen Yama na jihar Tawa a Nijar, wani magini manomi mai suna Falke Barmu ya fara gina masallacin Juma'a da ƙasa a 1962, shekarar da aka buɗe taron Batikan, jama'ar gari suna kawo ruwa da tubali, kuma a 1986 ginin ya ci lambar Aga Khan ta duniya. A Dandaji, ita ma a Nijar, Mariam Kamara da Yasaman Esmaili sun kammala sabon masallaci a 2018 da bulon jar ƙasa da aka matse da inji, suka mai da tsohon masallacin ɗakin karatu. Babu wanda ya shiga waɗannan wurare ya fito yana cewa masu su matalauta ne ko ba su waye ba.

Yanzu hukuncin ya dawo gida. A 1995 Roma ta yanki ƙasa daga dayosis ɗin Sakkwato da Minna da Ilori ta kafa yankin Kwantagora a ƙarƙashin Timothy Carroll na SMA, ɗan ƙasar Ailan, Yauri da Zuru suka faɗa ciki. A 2002 aka ɗaga matsayin yankin, a 2012 Bulus Dauwa Yohanna ya zama bishop, a 2020 kuma yankin ya zama cikakken dayosis. Babu sauran Ba'amurke ko Bature da za a ce shi ya zo da zane a aljihu. Yawancin limamai 'yan ƙasa ne, kwamitocin gini 'yan ƙasa ne, kuɗin ma mafi yawa daga aljihun manoma da masunta da 'yan kasuwa yake fitowa, shi ya sa gini kan yi shekaru yana tsaye a iya taga ana jiran kaka mai albarka. Wannan jinkiri kansa dama ce, domin kafin a zuba harsashi akwai lokacin tambaya. Kwamitin da zai gina sabon coci a Shanga ko Zamare ko Wara ya tura mutum biyu su je Wusasa da Ibadan a watan Afrilu su zauna a ciki da tsakar rana, ya kira tsofaffin maginan ƙauye su zauna tare da injiniya tun ranar da za a auna fili, ya gwada jar ƙasar wurin kafin ya yi odar tirelar siminti. Takardar 1963 ta ba su wannan izini, kuma kwamitocin masallatan da ke makwabtaka da su ma suna bukatar yin tafiyar nan.